Yatsan silikon da iska ke lanƙwasawa

Abin da ya ja ni ga wannan aiki shi ne hannun da ɗakin binciken George Whitesides na Jami'ar Harvard a Amurka ya nuna a 2011. Roba ce zalla, ba ƙarfe ba inji, amma da an hura mata iska sai ta naɗe yatsu ta ɗauki ɗanyen ƙwai lafiya lau. Na ce bari in fara da yatsa ɗaya.

Mazubin na buga shi da firintar 3D: ƙananan ɗakuna a jere, da siririyar hanyar iska mai haɗa su. Silikon ɗin, wato robar da ake zubawa a mazubin, Ecoflex 00-30 ne, ruwa biyu da ake haɗawa daidai wa daida, ya daskare cikin awa 4. In ya daskare yana miƙewa kusan ninki goma kafin ya tsinke.

Sai dai miƙewar ba ita ce dabarar ba. Silikon kaɗai in aka hura shi kumbura yake yi kamar balan-balan, ba ya kama komai. Sai an shimfiɗa takarda ko ƙyalle a cikin bangon ƙasa, ya hana wannan gefen miƙewa. Da na danna sirinjin da ke hura iska, na ga ɗakunan sama sun cika ɗaya bayan ɗaya suna ture juna, ƙasa ta ƙi, yatsan ya lanƙwasa a hankali ya rungumi alƙalamin da ke kan tebur. Ba kwamfutar da ta auna kaurin alƙalamin. Na sa masa ƙwallo, ya bi siffarta shi ma. Lissafin da hannun ƙarfe ke buƙatar na'urorin ji da manhaja kafin ya yi, a nan jikin ne ke yin sa. Shi ya sa masu wannan fage na ƙera mutum-mutumi mai laushi ba sa gajiya da kallon oktofus, dabbar tekun nan mai hannu takwas da ba ta da ƙashi.

Wahalar kuwa a ƙananan abubuwa take. Kumfar iska da ta maƙale a lokacin damawa, ko ba ta kai kan allura ba, nan bangon zai fashe, don haka ko a zuƙe ta da injin zuƙar iska ko a riƙa zubawa siriri daga sama. Wajen manne sama da ƙasa, in ɗanyen silikon ya yi yawa sai ya toshe hanyar iska, rabin yatsa ya mutu. Safar hannu ta robar latex kuma ba ta shiri da shi: farar wutar da ke cikinta tana hana shi daskarewa, sai wurin ya tsaya yana danƙo.

Inda yatsana ya gaza shi ne faffaɗan gilashi, don ba abin da zai naɗe. Tsaka ba ta da wannan matsala. Gashin tafin ƙafarta yana rarrabuwa zuwa kawuna masu faɗin nanomita 200 ko kusa da haka (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), kuma Kellar Autumn da abokan aikinsa sun nuna a 2002 cewa jan da ke tsakanin ƙwayoyin abu, wato ƙarfin van der Waals, shi ke riƙe ta a bango. Irin wannan saƙa ta fi ƙarfin firintata.

Na kuma cuɗa garin kabon cikin silikon don yatsan ya riƙa jin lanƙwasarsa. Wuta tana bi, awon wutar yana sauyawa in ya miƙe, amma ba ya komawa inda ya taso da wuri, sai ya yi ta jan ƙafa.

Ga kuma bututu. Duk laushin yatsan, a ɗaure yake da sirinji ko famfo. Octobot, wani mutum-mutumi mai laushi mai siffar oktofus da Harvard ta fitar a 2016, ya rabu da bututun: ruwan haidurojin feroksaid ke haɗuwa da filatinam a cikinsa ya ba da iskar da ke ɗaga hannuwansa. Mintuna kaɗan yake yi man ya ƙare, kuma ba ya tafiya ko'ina.