Canjin Kuɗin Guzuri: Inda Ake Zaftare wa Matafiyi Kuɗinsa

Mafi yawan masu shirin tafiya Umara, ko hutu a Dubai, ko ziyarar dangi a Maraɗi da Yamai, sukan shafe makonni suna neman tikiti mai sauƙi da masauki mai rangwame, amma maganar canjin kuɗi sai a bar ta har jajibirin tafiya, lokacin da hankali ya rabu kuma babu sauran damar ciniki. A ganina a nan ne asarar da ta fi ciwo take, domin ba a ganinta a rubuce a kan rasit. Mutum zai miƙa naira, a miƙo masa riyal ko dala, ya ƙirga ya ga sun cika yadda aka faɗa masa, ya yi godiya ya tafi, alhali abin da aka rage masa ya isa ya ciyar da shi kwana biyu ko uku a ƙasar da zai sauka.

Kowane ɗan canji, daga mai shago a Wapa da ke Fagge a Kano zuwa na Zone 4 a Abuja, har da babban banki mai hawa goma, farashi biyu gare shi: wanda yake saya da wanda yake sayarwa. Tazarar da ke tsakanin biyun ita ce ribarsa, kuma babu laifi a cikinta, sana'a ce. Matsalar tana zuwa ne idan matafiyi ya ɗauka cewa rubutun da ya gani a jikin allo na cewa ba a karɓar kamasho yana nufin canjin kyauta ne. Wanda bai karɓi kamasho a fili ba ya riga ya zuba shi a cikin farashi, wani lokaci ma fiye da wanda ya faɗi nasa ƙarara. Saboda haka tambaya ɗaya ce ke da amfani a gaban kowane mai canji: idan na ba ka kaza, nawa ne zai shigo hannuna bayan an cire komai? Da wannan adadi na ƙarshe ake gwada wuri da wuri.

Masu zuwa ƙasashen Larabawa na yankin Gulf suna da wata dama da ba kowa ke amfani da ita ba. Tun shekarar 1986 Saudiyya ta ɗaure riyal da dalar Amurka a kan riyal 3.75 kowace dala, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuma ta ɗaure dirhaminta a kan 3.6725 tun 1997. Ma'anar wannan ita ce duk wanda ya san farashin dala a yau ya san ainihin farashin riyal, ba sai wani ya gaya masa ba. A misali kawai, a ce ana sayar da dala naira 1,500. Idan aka raba da 3.75, riyal ɗaya ya kama naira 400. To idan ɗan canji ya ce riyal naira 420 ne, ya ɗora kashi biyar cikin ɗari ke nan. Naira ashirin ba ta da nauyi a kunne, amma ga mai neman riyal 3,000 bambancin ya kai naira 60,000. Da wannan mutumin ya sayi dala 800 ya tafi da ita, ya canza a shagon canji a Makka ko Madina a kan 3.73 a misali, da ya karɓi riyal 2,984, wato abin da ya rasa bai wuce riyal 16 ba. Ba kullum lissafin ke fitowa haka ba. Akwai lokacin da riyal kan yi araha a kasuwannin Kano, musamman bayan dawowar alhazai, lokacin da kowa ke kawo ragowar guzurinsa yana neman naira, akwai kuma lokacin da yake tsada, kamar gab da azumi da gab da tashin maniyyata. Kalkuletar da ke cikin waya ta isa ta raba gardama a cikin minti ɗaya, kuma ban ga dalilin da zai sa mutum ya ji nauyin fito da ita a gaban ɗan canji ba, tunda shi ma ɗan canjin tasa tana hannunsa.

Haka abin yake ga sefa, sai dai ita da yuro aka ɗaure ta, a kan sefa 655.957 kowane yuro tun 1999. Mai zuwa Nijar ko Benin ko Togo zai iya auna farashin jaka guda, wato sefa 1,000, da farashin yuro na ranar. Abin lura a nan shi ne sefa iri biyu ce: ta Afirka ta Yamma da ake kashewa a Nijar da Senegal da maƙwabtansu, da ta Afirka ta Tsakiya da ake kashewa a Kamaru da Chadi. Darajarsu ɗaya, amma takardun daban ne, kuma wanda ya shiga Garwa ko Njamena da sefar Nijar sai ya sake canji, a sake rage masa.

Wannan maimaita canji shi ne babban abin da nake jan hankali a kansa. Kuɗi kamar man gyaɗa ne da ake juyewa daga kwalba zuwa kwalba, kowane juyi sai wani abu ya maƙale. Wanda ya mayar da naira dala, ya mayar da dala dirhami a Dubai, ya mayar da ragowar dirhami riyal a Jidda, sannan ya dawo gida ya mayar da ragowar riyal naira, ya biya riba sau huɗu a kan kuɗi ɗaya. Abin da ya fi shi ne a zauna tun a gida a tsara abin da za a kashe a kowace ƙasa, a riƙe babban guzuri a kuɗi guda, a riƙa canza abin da ake bukata kaɗan-kaɗan.

Game da inda za a sayi dalar a Najeriya, al'amura sun sauya ƙwarai a 'yan shekarun nan. A watan Yulin 2021 Babban Bankin Najeriya ya daina sayar wa 'yan canji dala, ya tura matafiya bankuna. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a kasuwar bayan fage kuma tana wajen 750, shi ya sa samun guzurin matafiya na banki, wanda ake kira PTA, ya zama abin rububi da neman alfarma. Da aka haɗe farashin a wannan watan, aka bar kasuwa ta yi halinta, sai garaɓasar ta ragu. Ƙa'idar da aka daɗe a kanta ita ce dala 4,000 a kowane wata uku ga mai tafiyar ƙashin kansa, da 5,000 ga mai tafiyar kasuwanci, bayan ya cike takardar neman kuɗin waje da ake kira Form A ya nuna fasfo da biza da tikiti. A watan Fabrairun 2024 kuma aka umarci bankuna su riƙa biyan wannan guzuri ta kati ko ta wata hanyar lantarki maimakon tsabar kuɗi. Duk da haka ina ganin bai kamata a raina hanyar banki ba, domin kuɗin da ya fito ta nan yana da takarda, ba a fargabar jabu, kuma idan an tambayi mutum asalinsa a filin jirgi yana da abin nunawa. Sai dai a je da wuri, makonni kafin tafiya, a ji sharuɗɗan da ake aiki da su a lokacin. Wanda kuma zai je wurin 'yan canji ya nemi mai shago da lasisi, musamman tunda a watan Maris na 2024 an soke lasisin kamfanonin canji fiye da 4,000.

Lokacin saye ma yana da tasiri, kuma shekarar 2024 ta nuna haka a fili. A watan Fabrairu dala ta haura naira 1,800 a kasuwar bayan fage, mutane da yawa masu shirin Umarar azumi suka saya a firgice don kada ta ƙara tashi, amma kafin tsakiyar Afrilu ta sauko ƙasa da 1,200. Babu wanda zai iya rantsuwa a kan abin da farashi zai yi gobe, har da waɗanda suka kwana suka tashi a kasuwar. Abin da ke hannun matafiyi shi ne ya raba sayen kashi uku ko huɗu a cikin watannin da suka rage masa, ta yadda idan ya sayi wani da tsada zai sami wani da sauƙi. Sauri ya haifi nawa, kuma ɗan canji yana gane wanda jirginsa zai tashi gobe tun daga yadda ya yi sallama.

A wurin canjin kansa, ina ba da shawarar a tambayi mutum uku kafin a tsaya, kuma a faɗi yawan abin da ake so, domin farashin mai sayen dala 100 ba ɗaya yake da na mai sayen 2,000 ba. Idan an daidaita, a zauna a cikin shago, a cire robar da aka ɗaure kuɗin da ita, a ƙirga takarda bayan takarda a gaban mai su, kada kuma a mayar masa da su bayan an ƙirga sai dai a sake ƙirgawa. A nemi sabuwar takardar dala 100 wadda aka fara fitarwa a 2013, mai shuɗin zare a tsaye a tsakiya. Idan aka karkata ta za a ga ƙananan ƙararrawa da lambar 100 suna motsi a cikin zaren, idan kuma aka ɗaga ta ga haske za a ga inuwar fuskar Benjamin Franklin a gefen dama. Tsofaffin takardu halastattu ne a dokar Amurka, amma shagunan canji da yawa a ƙasashen waje sukan ƙi su ko su rage musu daraja, haka ma wadda ta yage, ko aka yi rubutu ko aka buga hatimi a kanta. 'Yan dala ɗaya da biyar da goma su ma farashinsu ba ya kai na 'yan hamsin da ɗari. Sannan malamai sun yi bayani cewa canjin kuɗi da kuɗi sharaɗinsa a yi shi hannu da hannu, kowa ya karɓi nasa kafin a rabu. Wannan hukunci ne na addini, kuma shi ne kariya mafi ƙarfi daga masu tallar dala mai araha a WhatsApp da Facebook, waɗanda ke cewa a tura naira yanzu, kaya za su iso da yamma. Farashin da ya fi na kasuwa sauƙi nesa ba kusa ba, alama ce ta a ja da baya.

Filin jirgi da teburin karɓar baƙi na otal su ne wuraren da canji ya fi tsada kusan a ko'ina, saboda hayar wurin tana da yawa kuma sun san wanda ya sauka ba shi da zaɓi. Abin da ya isa kuɗin mota da ruwa da layin waya kawai za a canza a nan, sauran a bari sai an shiga gari, inda shagunan canji ke jere suna gasa da juna.

Kati yana da sauƙi da aminci, amma cajinsa hawa-hawa ne. Akwai farashin da Visa ko Mastercard suka yi canjin a kai, akwai abin da bankin mutum ke ɗorawa don an yi amfani da katin a waje, akwai kuma abin da wasu na'urorin ATM ke karɓa a kowane cira, ko da kuɗin kaɗan ne. Wanda ke cirar riyal 100 sau goma zai biya wannan caji sau goma, wanda ya ciri 1,000 sau ɗaya kuwa sau ɗaya zai biya. Yawancin bankunan Najeriya sun dakatar da amfani da katin naira a ƙasashen waje a wajajen 2022, wasu suka dawo da shi a 2025 tare da iyakar abin da za a iya kashewa, don haka a tabbatar da matsayin kati da farashin da banki ke lissafi da shi kafin a dogara gare shi. Akwai kuma wani tarko da ke kama mutane da yawa. Idan aka sa kati a na'urar POS a kanti ko a ATM, wani lokaci allon zai nuna zaɓi biyu, ko a biya da riyal, ko a biya da kuɗin da katin ke ɗauke da shi, har ya nuna adadin a dala don mutum ya ji ya san abin da ya kashe. Zaɓi na biyun yana kama da taimako, amma ma'anarsa ita ce an ba bankin mai kantin dama ya yanke farashin canjin da kansa, kuma kusan kullum farashinsa ya fi muni. A zaɓi kuɗin ƙasar da ake ciki, riyal a Saudiyya, dirhami a Dubai, fam a Ingila. Idan mai kanti ne ke riƙe da na'urar, a gaya masa tun kafin ya danna.

Kada a zuba guzuri duka a wuri ɗaya. Wani a kati, wani tsaba a jiki, wani a ajiye a masauki. Mai ɗauke da abin da ya haura dala 10,000 ko kwatankwacinsa wajibi ne ya bayyana wa jami'an kwastam a Najeriya, Saudiyya ma tana da tata iyakar, kuma bayyanawar ba ta nufin za a karɓe kuɗin, ɓoyewar ce ke jawo hakan. Idan tafiya ta zo ƙarshe, a kashe sulalla tun a can, domin 'yan canji a gida ba sa sayensu. Ragowar takardun riyal ko dirhami kuwa, ga wanda ke sa ran komawa ko yake da ɗan'uwa mai shirin tafiya, ajiye su ya fi mayar da su naira, tunda ɗaure suke da dala kuma sake sayensu daga baya wata ribar ce za a biya.