Gyaran Fender Deluxe Reverb ta 1965 da ƙararta ta ragu

Amfilifayar jitar da aka kawo mini, wato na'urar ƙara sauti, Fender Deluxe Reverb ce ta 1965, mai tsarin haɗin wayoyi da ake kira AB763, wadda ya kamata ta ba da wat 22 ta sifika ɗaya mai inci 12. Mai ita ya ce ko ya murɗa ƙara zuwa 8, da ƙyar jitar take fin muryar mutum, kuma sautin ya yi siriri yana karcewa. Ya so a canza bawul duka tara, wato kwalaben gilashin da ke sarrafa wuta da sauti a cikinta. Ban yarda ba, domin awo ne ke nuna wurin ciwo, kuma tsofaffin bawul masu lafiya ba abin zubarwa ba ne.

Na fara da abin da ba ya buƙatar buɗe komai. Na canza wayar jita, na kuma auna wutar da ke shiga. An ƙera ta ne don wutar Amurka, wajen volt 117, saboda haka a nan sai da taransifoma mai sauke wuta daga 230, kuma idan wutar gari ta yi ƙasa, ƙarar ma ƙasa take yi. Na samu 118. Sai na leƙa baya. Ramukan sifika biyu ne, kuma idan aka soka waya a na ƙari aka bar na asali fanko, na asalin yana haɗe fitar sautin da jikin shasi, wato akwatin ƙarfen da kayan wutar ke ciki, ƙara ta kusan ɓacewa. Nan ma daidai yake, sifikar kuma ta nuna om 6 da ɗoriya a mita, yadda mai om 8 ta saba nunawa.

Gwajin da ya fi taimakona shi ne jona jitar a tasha ta farko cikin tashoshin shigar sauti biyu da take da su, sannan a ta biyu. Dukansu a raunane suke. Da ɗaya ce kawai, da na nufi bawul ɗin 12AX7 na wannan tashar. Tunda duka biyun ne, sai zargi ya koma inda suke haɗuwa: 12AT7 mai raba sauti gida biyu, 6V6 guda biyu na ƙarfi, da GZ34 mai mayar da wuta DC. Na musanya 12AT7 da wani da na tabbatar da lafiyarsa, ba abin da ya sauya.

Kafin in sa hannu a cikin shasi, na cire fulogi, na zuƙe wutar manyan kafasita (masu adana wuta) masu 16uF da rizista (mai rage gudun wuta) mai 100k, wato om dubu 100, wat 5, har mita ta sauka ƙasa da volt 10. Waɗannan suna riƙe sama da volt 400 bayan an kashe, kuma suna iya kisa. Lokacin awo da wuta a kunne, baƙar wayar mita tana maƙale a shasi, hannu ɗaya kawai ke aiki, sifika kuma tana jone kullum don kada taransifomar sauti ta ƙone.

A ƙafa ta 3 cikin ƙafafun ƙarfen da ke gindin kowane 6V6 na samu sama da volt 420, wato GZ34 da taransifoma lafiya lau. Ƙafa ta 5 ta nuna kusan volt -35 a duka biyun. A ƙafa ta 4 ne abin ya fito: ɗaya tana da wuta kusan daidai da ta ƙafa ta 3, ɗayar babu komai. Rizistar sikirin, wato sashen bawul da ke jone da ƙafa ta 4, mai om 470, wat 1, ta yanke. Da na haska ta da tocila sai ga siririyar tsaga a cikinta, launukan jikinta duk sun koma ruwan ƙasa. A wannan tsari bawul a kife suke rataye, rizistar kuma a kan soket take zaune, don haka duk zafin 6V6 a kanta yake ƙarewa shekara da shekaru. Bawul da ba wuta a sikirinsa ba ya jan komai, sai ɗaya ya rage yana ɗaukar rabin sauti shi kaɗai. Abin da ya sa ƙara ta faɗi ke nan, sautin kuma yake karcewa.

Na canza rizistocin biyu da sababbi masu om 470, wat 3, na ɗan ɗaga su daga soket don iska ta ratsa. Sau da yawa bawul da wayoyinsa suka haɗe a ciki ne ke ƙona wannan rizistar, shi ya sa na sa sabbin 6V6 biyu da aka daidaita ƙarfinsu. Don saita bayas, wato yawan wutar da bawul ke ja idan ba sauti, na saka rizista mai om 1 tsakanin ƙafa ta 8 da shasi, na murɗa har kowane ya nuna milivolt 20, wato miliamf 20. A volt 420 hakan wajen wat 8 da rabi ne, kashi 70 cikin 100 na wat 12 da 6V6GT ke ɗauka.

Ƙara ta dawo, amma tasha ta farko ba ta cika kai ta biyu ba. Wutar ƙafa ta 1 da ta 6 a 12AX7 na farko daidai take, rizistocin 100k ba su gusa sosai ba. Laifin na ƙaramin kafasita mai 25uF ne da ke gefen rizista 1.5k a ƙafa ta 3. Idan ya bushe, awon DC ba ya nuna komai, amma ƙarfin matakin yana raguwa kusan rabi. Na ɗana sabo a kansa na ɗan lokaci, nan take ƙarar ta tashi. Na canza shi da sauran 'yan uwansa, har da na bayas, wanda ƙafarsa mai alamar + ce ke zuwa shasi, saɓanin sauran. Shuɗayen kafasitan da ke kai sauti daga mataki zuwa mataki kuwa na auna, ba sa yoyon DC, na bar su a wurinsu.