Na sauya altaneta mai lafiya, laifin yana cikin makunni

Mun yi kusan minti 40 a sama, ni da abokina da muka haɗa kuɗi muka sayi jirgin, sai ya miƙo yatsa ya ƙwanƙwasa gilashin amita, mitar da ke nuna ko batir na caji. Allurar ta kwanta ɓangaren hagu, wato batir kaɗai ke ɗauke da kayan wutar jirgin. Ya sake ƙwanƙwasawa, ko motsi ba ta yi ba. Ban ce masa uffan ba, amma gabana ya faɗi, domin na san allurar nan ta yi makonni tana ba ni alama. Rawa take yi, ta leƙa dama ta dawo, fitilun allon gabana kuma su riƙa ƙiftawa kaɗan-kaɗan idan duhu ya fara. Na sha gani, na sha cewa a bari sai lokacin duba jirgi ya zo.

Jirgin namu ƙarami ne mai kujeru 4, ƙirar tsakiyar shekarun 1970, wutarsa bolt 14, altanetarsa, wato na'urar da ke haɗa wuta tana cajin batir, mai amfiya 60. Wanda bai san irin waɗannan jirage ba zai ɗauka idan wuta ta ɗauke injin ma mutuwa zai yi. Ba haka abin yake ba. Fulogogin injin daga maganeto 2 suke samun tartsatsi, su kuwa da kansu suke haɗa wutarsu muddin injin na juyawa, ba ruwansu da batir. Abin da za ka rasa shi ne rediyo, da na'urar da ke nuna wa rada inda kake, da fitilu, da ma'aunin mai, a jirginmu har da fulaf, wato sassan bayan fukafukai da ake saukarwa lokacin sauka, tunda ƙaramin injin lantarki ne ke saukar da su.

Na bi abin da littafin jirgin ya ce. Na kashe kayan rediyo, na shafa birekoki, ƴan maɓallan da ke fitowa su yanke wuta idan ta yi yawa, da yatsa ko akwai wadda ta fito, babu. Na kashe babban makunni na sake kunnawa, sau ɗaya tak, saboda idan wani abu ne ke ƙonewa a can ciki, maimaitawa ƙara masa wuta ne. Altaneta ba ta dawo ba. Sai na kashe ɓarin makunnin da aka rubuta ALT, tunda wutar da yake tura mata yanzu asara ce kawai, na bar rediyo guda da na'urar rada, na gaya wa hasumiyar filin jirgi halin da muke ciki a jimla biyu, na yi shiru. Magana a rediyo ta fi sauraro shan batir. Bayan minti 18 muka sauka, fulaf suka fita a hankali kamar ba sa so.

Akan ce batir zai riƙe ka minti 30. Wannan lissafin na lafiyayyen batir ne, da aka rage masa kaya, kuma daga lokacin da altaneta ta tsaya ake ƙirgawa, ba daga lokacin da idonka ya kai kan allura ba.

Washegari na riga na yanke hukunci: altaneta ta mutu. Ta tsufa, ta yi awoyi masu yawa, me kuma ake jira? Aka kawo wata da aka yi wa garambawul, aka ɗaura, muka tada injin, mita ta nuna bolt 14. Muka yi murna. A tashi na uku allura ta koma rawarta, ko alamar an taɓa wani abu babu.

A nan ne wani dattijon injiniya da ke aiki a rumfar jiragen da muke ajiye namu ya shigo maganar. Baba muke ce masa, duk wanda ke wurin haka yake kiransa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, kafin ka cire waccan, me ka auna?" Na ce ban auna komai ba, Baba. Ya ce, "To ka bar jaki kana dukan taiki. Ɗauko mita."

Kafin mu taɓa komai sai da ya zana mini hanyar wutar a bayan wata takarda. Altaneta ba ta da maganaɗisu na dindindin a cikinta. Kwayil ce ke juyawa a tsakiya, sai an ba ta ɗan abinci, amfiya 1 zuwa 4, ta cikin burushi 2 da ke goga zobban tagulla, sannan ta zama maganaɗisu, ta haifar da wuta a kwayil 3 da ke kewaye da ita. Dayod 6 su miƙar da wannan wutar ta zama irin wadda batir ke karɓa. Ɗan abincin nan kuwa tafiya mai nisa yake yi: daga sandar rabon wuta ya bi ta bireka mai amfiya 5, ya bi ta ɓarin ALT na babban makunni, ya bi ta na'urar da ke yanke wuta idan bolt ya haura kima, ya shiga regileta mai daidaita ƙarfin wuta, sannan ya isa kan noti mai harafin F a bayan altaneta. Kowace mahaɗa a wannan hanya wurin lalacewa ce, kuma duk inda ta lalace, abin da matuƙi zai gani a allonsa iri ɗaya ne da mutuwar altaneta. Shi ya sa ma jirgin da batirinsa ya ƙare ƙarƙaf, ko an tada shi ta juya farfela da hannu, altanetarsa ba za ta yi caji ba, babu mai ba ta abincin farko.

Ya zare makullin injin ya sa a aljihunsa, ya ce kada in yarda in tsaya a layin farfela ko da injin a kashe yake. Ya fara da fambel. Ya danna shi da babban yatsa, ya haska tocila ƙarƙashin fuli yana neman baƙar ƙurar roba, wadda ke nuna bel na zamewa, ya duba ko cikinsa ya yi sheƙi. Lafiya lau. Na ji daɗi, don a injin irin namu sai an cire farfela kafin a sa sabon bel. Sai ya ce in kunna babban makunni duka ɓari biyu, ya kai bakin sukudireba kusa da notin fuli. Ƙarfen ya manne, ƙyat. Ya ce maganaɗisu na nan, ke nan abinci na isa, saura mu ga nawa ke isa.

A sandar rabon wuta mita ta nuna bolt 12.4. Bayan bireka, 12.3. A mashigar regileta, 11.1. Baba bai ce komai ba, ya kwanta rigingine a ƙasan allon matuƙi, ƙafafunsa a waje, ya ɗora tsinken mita ɗaya a kowane gefen ɓarin ALT. Bolt 1.2 na ɓacewa a cikin makunnin kansa. Ya ce, "Taɓa shi da yatsa, kada ka kashe, ka ɗan girgiza kawai." Ina taɓawa lambobin suka haukace: 0.3, 2.6, 1.1, sau ɗaya ma duk bolt 12 ya bayyana, alamar hanya ta yanke ɗungum. Da aka ciro makunnin muka fasa shi a kan benci, wurin da ƙarafan biyu ke haɗuwa ya yi baƙi, ya yi ƴan ramuka kamar an tsattsaga da allura, robar da ke kewaye ta yi ruwan ƙasa don zafi. Abin bai kai girman ƙwayar ashana ba.

Wannan ɗan wurin na daɗe ina tunaninsa, domin shi ya bayyana mini rawar allura. Kwayil ɗin altaneta mai bolt 14 tana da kusan om 4 (om shi ne ma'aunin turjiyar da abu ke yi wa wuta), tana jan kamar amfiya 2 da rabi a gwajin da muka yi. Rabin om kacal na datti a makunni ya isa ya cinye fiye da bolt 1. Regileta kuwa, a irin tsarinmu, ta wannan wayar da ke kawo abincin take kallon ƙarfin wutar jirgi. Sai ta ga kamar wuta ta yi ƙasa, ta ƙara abinci, ƙarin abincin ya ƙara asarar da ake yi a makunni, wutar jirgi ta yi sama, ta ja baya, asarar ta ragu, ta sake turawa. Haka za su yi ta kai da komo, allura na bin su. Ranar da muka rasa wuta a sama, zafi da girgiza ne suka raba ƙarafan gaba ɗaya. Da jirgi ya huce a ƙasa suka sake mannewa, sabuwar altaneta ta ci yabon da ba nata ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, da na auna makunnin a kashe, ta gurbin om na mita, da wataƙila ya nuna mini lafiya. Mita ɗan mitsitsin wuta take turawa. Sai kaya na bi ta kan mahaɗa sannan rauninta ke fitowa, don haka ake auna bolt nawa ke ɓacewa alhali wuta na gudana. Baba ya ce duk abin da ya haura rabin bolt tsakanin sandar rabon wuta da regileta, a bi shi mahaɗa bayan mahaɗa har a kama shi.

Ba ina cewa altaneta ba ta mutuwa ba ne. Tana mutuwa, kuma tana da nata alamomin. Idan dayod ɗaya ta ƙone za ka ji wani siririn kuka a abin kunne, yana tashi yana sauka tare da gudun injin, wutar kuma ta kasa ɗaukar kaya da zarar an kunna fitilar sauka; a juya mita zuwa gurbin AC injin na aiki, za a ga ragowar wutar da ba ta miƙe ba ta yi yawa. Idan burushi suka cinye, om ɗin da ake aunawa a kan F zai riƙa tsalle yayin da ake juya fuli da hannu. A manyan injinan Continental da haƙoran giya ke juya altaneta, mahaɗin roba da ke tsakani kan saki, wannan kuwa ba abin jinkiri ba ne, domin ɓarɓashinsa cikin injin yake zuba. Kuma ina roƙon duk mai karatu, kada ya yarda a cire kan batir injin na aiki wai don a gwada caji. Batir ne ke shanye tsallen wuta, ba shi a layi, rediyo da dayod ne za su sha.

Sai kuma mutum ya san irin mitar da ke gabansa. A yawancin jiragen Cessna 172 amita mai sifili a tsakiya ce, tana nuna abin da ke shiga batir ko fita daga cikinsa, saboda haka allura kusa da sifili lafiya ce. A Piper Cherokee kuwa mitar tana nuna kayan da altaneta ke ɗauka ne, sifili a can yana nufin ta tsaya. Lambobin ma sun bambanta: daga ƙirar 1978 aka mayar da 172 bolt 28, inda na'urar kariya ke yanke wuta a wajen bolt 32, maimakon wajen 16 da ake samu a tsarin bolt 14.

Baba ya sa sabon makunni, ya sake matse kawunan wayoyin, ya kankare inda wayar da ke haɗa injin da gangar jirgi take ɗaure har ƙarfen ya yi fari. Muka tada injin, muka kunna fitilar sauka da duk rediyoyi. Bolt 14.1, allura ta ɗan leƙa dama ta tsaya cak. Asarar makunni ba ta kai 0.1 ba. Bai bar ni na tafi ba sai da aka yi wa batir gwajin juriya, tunda ya sha wuya ranar nan; ya ba da kashi 71 cikin 100 na abin da aka rubuta a jikinsa, ƙasa da 80 ɗin da akan nema, aka sauya shi ma. Sannan ya sa hannu a littafin jirgi.

Tsohuwar altanetar kuwa ya ɗora ta a benci, ya auna om 4 daram ko ta ina aka juya fuli, burushinta ko rabi ba su ci ba. Tana nan a kan kanta cikin leda, da ƴar takarda da ya ɗaura mata da waya, ya rubuta da hannunsa: lafiyarta ƙalau.