Amoniya daga iska da hasken rana: abin da gwaji ya nuna mini a Bauchi

Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ce, amma manomin masara a Bauchi sai ya yi kukan tsadar buhun yuriya kowace damina. Ƙwayoyin naitirojin biyu-biyu suke, a ɗaure da ɗauri uku mai wuyar tsinkewa. Hanyar Haber-Bosch, wadda aka fara aiki da ita a masana'anta a Jamus a 1913, tana tsinke shi ne da zafin digiri 400 zuwa 500 da matsi mai tsanani, a samu amoniya, wadda da ita ake yin yuriya. Ni kuwa da hasken rana na so in gwada yin amoniyar, tunda Allah ya wadata mu da shi.

Hodar TiO2, wata farar hoda da ke kama haske ta tayar da ilektiron don yin aikin, ita kaɗai ba ta isa ba, hasken ultrabayolet kawai take kamawa, shi kuwa ɗan kaɗan ne cikin hasken rana. Sai na gauraya ta da g-C3N4, wata hoda ruwan ɗorawa da ake samu in an gasa yuriya a tanda wajen digiri 550. Ita tana kama hasken da ido ke gani, kuma a mahaɗarsu ilektiron yana tsallakawa ɗaya ɓangaren kafin ƙarfinsa ya salwanta. Na ƙara ɗan ƙarfe, domin ƙwayoyin bakteriyar da ke saiwar wake da gyaɗa da ƙarfe da molibdinam suke kama naitirojin.

Ruwan da na zuba hodar a ciki na sa a rana ya yi shuɗi a gwajin indofenol, alamar amoniya ke nan. Malamina ya duba ya ce, "Kafin ka rubuta komai, sa argon maimakon naitirojin, sannan ka maimaita a duhu." Argon iska ce da ba ta da naitirojin, don haka bai kamata a ga amoniya ba, haka ma a duhu, amma shuɗin ya sake fitowa, sai dai bai kai na farko ba. Ashe hodar g-C3N4 kanta cike take da naitirojin, kuma numfashin mutum da safar hannu da ruwan da ba a tace sosai ba duk suna iya kawo amoniya.

Wannan ne ya fi damuna a fannin. Tun 1977 Schrauzer da Guth suka ba da rahoton amoniya daga TiO2 mai ƙarfe, amma har yau abin da ake samu ƙanƙani ne ƙwarai, ɗan gurɓata kaɗan ya isa ya zama "sakamako". Babbar hujja ita ce iskar 15N2, wato naitirojin mai ɗan ƙarin nauyi da ake iya gane shi a cikin amoniyar da aka samu, ita ma sai an tsarkake ta tukuna.

Yanzu sai na wanke hoda har ruwan wankin ya daina shuɗi, na gama gwajin argon da na duhu, sannan nake fitar da kwalba rana.