Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Jinyar Adda

Na tsaya muku makon jiya a inda aka tabbatar wa Adda, yayata, da ciwon dajin mama. To, a 2019 ne aka fara ɗaura mata ruwan kemo, wato maganin daji da ake sa wa ta jijiya, a nan Gombe, duk bayan mako 3. Akwai wani jan ruwa a ciki, har fitsarinta yake rinawa. Daga kwana na biyu sai amai. Ƙamshin miyar maƙwabta ma tayar mata da zuciya yake yi.

Inna, Allah Ya jiƙanta, ba ta ga wannan jinya ba, amma maganarta ce ta riƙe ni: da ruwan ciki ake jan na rijiya. Goggo kuwa ta zo daga ƙauye da tata dokar. Wai daji nama yake ci, a hana Adda nama da ƙwai da kifi, a bar ta da jiƙo. Har yau idan na tuna raina yana ɓaci. Mace ta rame, wuyanta duk ƙashi, a ce a hana ta ƙwai?

Na tambayi nas ɗin ɗakin. Ta ce maganin yana kashe ƙwayoyin cutar ne tare da taɓa na baki da hanji da ɓargo, kuma abinci mai gina jiki ne ke mayar da su. Idan jini ya yi ƙasa a gwaji, ɗage ruwan ake yi. Jiƙon kuma kada a ba ta sai likita ya sani, don hanta da ƙoda suna da aiki a gabansu.

Sai na koma ba ta kaɗan-kaɗan, bayan awa 2 ko 3. Kunun gyaɗa ba tsamiya, domin bakinta ya yi gyambo, kuma sai ya huce. Dafaffen ƙwai, alala mai laushi, farfesun kifin Dadin Kowa ba yaji. Shayin citta kafin ta sauko daga gado. Cokalin ƙarfe ta ce yana ƙara mata ɗanɗanon ƙarfe a baki, na ɗauko ludayin duma na Inna. Kurkurar baki da ruwan gishiri mai ɗumi bayan kowane ci. Nonon talla da latas na hana su shiga ɗakin, musamman a mako na biyu da garkuwar jiki ke faɗuwa. Zazzaɓi ya kai 38 a ma'aunin zafin jiki, asibiti kawai.

Shekaru bayan haka, a sunan jikarta, Goggo ta ce wai jiƙonta ne ya tashi Adda. A gaban mutane! Na ce, “Goggo, ki yi haƙuri, jiƙon nan ko buɗe jarkar ba a yi ba.” Baffa ya harare ni, ban janye ba.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya, haka nake faɗa wa Adda duk sanda ta kau da kai daga kofi. Wata rana ta kurɓa, wata rana ta yi kuka ta ce, “Ƙanwata, ƙyale ni.” In ƙyale ta, in dawo an jima.

Mako mai zuwa in sha Allah zan faɗi yadda aka sayar da filin da ke unguwar Pantami, da wanda ya hana a sayar tun farko.