Kwana biyar a Grenoble, ni da niyutiron

Tun daga filin jirgin Lyon hannuna bai bar jakar goyona ba har muka shiga bas, saboda ɗan gwangwanin da ke ciki, wasu ƙananan kiristal ne baƙaƙe da muka shafe wata 7 muna renonsu a lab, na jera su ɗaya bayan ɗaya kan faifan alminiyom. Tafiyar wajen awa ɗaya ce, kana matsowa duwatsu na tasowa, Vercors nan Chartreuse can, Belledonne kuma kanta fari fat da ƙanƙara.

Inda na nufa sunansa ILL, wato Institut Laue-Langevin a Grenoble, cibiyar binciken da Faransa da Jamus suka kafa a 1967, daga baya Ingila ta shigo, tana nan kusa da inda kogin Drac ya haɗu da Isère. Ni fa riyakta, wato injin makamashin nukiliya, ɗaya na taɓa gani a rayuwata, ta Zariya, wadda ƙarfinta yake wajen kilowat 30, to ta nan megawat 58 ce kuma ba wuta take bai wa gari ba, aikinta kawai ta fitar da niyutiron, ƙwayoyin nan da ke cikin tsakiyar ƙwayar zarra, zuwa na'urori wajen 40. Da aka maƙala min ɗan awon tiririn nukiliya a gaban riga sai da gabana ya faɗi.

Abin da ya kai ni shi ne sufakondakta, wato abin da in ka sanyaya shi sosai lantarki ke ratsa shi ba tangarɗa ba asara ko ta kwabo. Wani masani ɗan Holland, Onnes, ya fara ganin haka a 1911 da zaiba, a sanyin digiri 269 ƙasa da sifili. Namu sunansa YBCO, an gano shi a 1987, shi tun daga wajen 181 ƙasa da sifili yake juyewa, kuma har yau masana ba su gama daidaitawa kan dalilin ba, da yawa dai maganaɗisun tagullar ciki suke zargi. To shi niyutiron ba shi da caji, ratsawa yake har cikin abu, sannan shi kansa ɗan mitsitsin maganaɗisu ne, in ya shiga ya fito sai ka auna ina ya karkata, ƙarfi nawa ya bari a ciki.

Matar da ke kula da na'urar tana ganin faifaina ta ce wane gam na sa? Na ce Madam marar haidirojin ne, sai ta gyaɗa kai, don gam na kasuwa haidirojin ɗinsa watsa niyutiron yake ko'ina ya cika maka awo da hayaniya. Muka zura shi cikin wata tukunyar sanyi mai launin ruwan lemo, aka ɗura hiliyom, bututun ya yi farin raɓa yana huci.

Daga nan sai jira, kuma gaskiya jiran nan ne ya fi shiga raina. Ɗigo ɗaya a kan allo minti 10 ko fiye, injin ya ɗan zuga iska ya matsar da hannunsa kan daɓen da ke sheƙi ya tsaya ya sake ƙirga, dare da rana ba tashi. Mun fara da ɗumi, sama da inda yake juyewa, layin ya fito shimfiɗe ba komai. Muka sauke shi can ƙasa, a dare na uku wajen ƙarfe 3 ina zaune ni kaɗai da shayina da ya huce, sai ɗigon suka fara hawa daidai 41 meV a ma'aunin ƙarfin da niyutiron ya bari a ciki, ɗan tudun nan da na sha gani a takardun wasu, yau ga shi daga kiristal ɗin da na jera da hannuna. Na daɗe ina kallonsa ina Alhamdulillahi kafin na iya tura wa Farfesa hoton.

Ranar tafiya masu awon tiriri suka ɗora na'urarsu kan faifan suka ce sai ya ƙara kwanaki tukuna ya huce, za su aiko mana. Haka na hau bas ɗin Lyon jaka sakayau, hannuna bai daina laluba wajen gwangwanin ba.