Na Ga Teku Daga Kan Dutsen Cape Point

Kwana uku da dawowata Damagaram, ƙarar ruwan nan ba ta bar kunnena ba.

Aiki ya kai ni Afirka ta Kudu, ranar hutu abokan aiki suka ce sai na ga Cape Point, can kudu da birnin Cape Town. Gandun daji ne da ake karewa. Tun a hanya muka ga jiminu suna kiwo dab da teku, ga gwaggon birai da aka gargaɗe mu kada mu ba su abinci.

Ni da na tashi ina hawan duwatsun Birni, na ɗauka na san dutse. Wallahi da na leƙa ƙasa sai da gwiwoyina suka yi sanyi. Dutse ne a miƙe kamar katanga, sama da mita 200, teku na dukan gindinsa, iska kuma na neman raba ni da hulata.

A ƙololuwa akwai tsohuwar hasumiyar fitila mai nuna wa jiragen ruwa hanya. An gina ta can sama ƙwarai, har gajimare da hazo kan rufe haskenta. A 1911 wani jirgin ruwan Fotugal ya bugi dutse ya nutse a wurin, daga baya aka gina sabuwa a ƙasa. Na daɗe tsaye ina tunanin mutanen cikin jirgin, da dare, suna laluben haske.

Da na nuna wa Inna hotunan, ta yi shiru, sannan ta ce, "Duk wannan ruwa ne? Kuma ba a sha?" Mai garuwa na ƙofar gida a lokacin, muna jiran ya juye mana jarka biyu.